Gajeren Bel ɗin Muntari

Fammar, Kibiya,
Asabar, 24 ga Mayu.

Zuwa ga abokina kuma surukina, Alhaji Zulkifilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata gwiwar tana sauƙi, kuma likitocin Misira sun bar maka ƙashin da za ka tako gida da shi. Ka gaishe mini da Hajiya Amatullahi, Allah ya ba ta ladan jinya. Mu nan duk lafiya lau, sai zafi.

Bayan haka, cikin alhini da miƙa wuya, ina sanar da kai rasuwar kwamfreson esi, wato na'urar sanyin motata Dattijuwa, wanda ya cika ranar Laraba da misalin ƙarfe biyu na rana, a hanyata ta dawowa daga makaranta a Kibiya. Jinyarsa gajeriya ce. Ya rasu ya bar bel ɗaya, da fuli shida, da malamin tarihi guda cikin gumi. Ba sai ka aiko da wakili ba, ana karɓar gaisuwa ta waya.

Ga yadda abin ya faru. Ina tafe cikin sanyina sai na ji wata ƙara daga gaban motar, mai tsini, kamar an taka jelar kyanwa an ƙi ɗagawa. Warin ƙonanniyar roba ya biyo baya. Na kashe esin, ƙarar ta ɗauke nan take. Washegari na kai ta Rano wajen Muntari bakanike. Ka tuna shi ai, wanda muka yi aji uku tare, ya gudu daga makaranta a makon da aka fara sau bakwai. Yanzu ya yi furfura, har yana da abin da yake kira na'urar bincike, wato wata doguwar sukundireba da yake kafa bakinta a jikin inji, ya manna kunne a ƙotarta, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi.

Hukuncinsa shi ne kwamfreson ya ƙame daga ciki. Idan esi a kashe yake, fulinsa, wato ƙarfen da'irar da bel yake bi ta kansa, yana juyawa a banza, babu laifi. Da zarar an kunna sai ya cije, bel ya riƙa gogar ƙarfe har ya ƙone. Ya kuma nuna mini abin da kai mai manyan motoci ka daɗe da sani, cewa bel ɗin guda ɗaya ne tal, shi ke juya abin cajin batir, shi ke juya famfon ruwa, shi ke sa sitiyari laushi. Na shekara ashirin ina koya wa yara cewa daular da ta rataya komai a wuyan mutum ɗaya ba ta daɗewa, ashe a cikin irinta nake zaune kullum ban sani ba.

Shawararsa ita ce ya sa mini gajeren bel wanda zai zagaye kwamfreson ya bar shi a gefe, har a samo wani. Na ƙi. Motar da aka yi wa haka ba ta komawa daidai, daga nan sai ka ga ta zama ta ɗaukar buhunan gyaɗa. Ya ce to ko wayar kwamfreson ce in bari ya zare. Na tuna masa cewa bara ma waya ɗaya ya zare, har yau Dattijuwa ba ta da ham, sai dai in leƙo ta taga in ba akuya haƙuri. Na riga na sa a nemo mini sabon kwamfreso a Kano. Kafin ya zo, na warware matsalar da hankali: na yanko salatif na liƙe maɓallin esin ruf. Abin da ba a kunna ba ba ya cijewa. Muntari ya daɗe yana kallon salatif ɗin.

Yanzu ga labarin da na san shi kake jira. Surukarka, 'yar wajena, ta iso goyon ciki ranar Lahadi, ɗanka Nuruddeen da kansa ya kawo matarsa kafin ya koma wajen aikinsa a Fatakwal. Kada ka sake yi mini dariya don ban rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, ubana bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah, ni ma ba zan fara a kanta ba. Na san ka so a bar ta a Kano kusa da asibiti, saboda abin da aka ce na hawan jini. Amma haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kuma uwarta Zainaba ta tanadi icen wankan jego da zai ishi unguwa guda. An mayar da awonta Rano, tafiyar minti arba'in ce idan ƙasa a bushe take. Na yi maka alkawari a bakin ƙofarka, ina maimaita shi a rubuce: Dattijuwa ce motar asibitinta, kullum da mai a cikinta, fuskarta na kallon ƙofa.

Allah ya ƙara sauƙi. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka kamar yadda na saba, tunda likita tafiya ya hana ka, bai hana ka karatu ba.

Naka har kullum,
Dalhatu.

Fammar, Kibiya,
Asabar, 14 ga Yuni.

Zuwa ga Alhaji Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya, da fatan an yi salla lafiya, ko da yake na ji an ce naman layyar can ba ya kama bakin Bakano. Na ji daɗin jin ka fara takawa da sanda. A yi a hankali.

Saƙonka ya iso, kuma na lura da cewa ka goyi bayan Muntari tun daga layin farko. Ban yi mamaki ba, ku ma'abota baƙin mai ba ku saɓa wa juna. Na kuma gode da tayin da ka yi na a turo mini ɗaya daga cikin ƙananan motocinka da direba. Ka bar ta inda take. Idan mutanen Fammar suka ga motar dangin miji a ƙofar gidana tana jiran 'yata, gara in tattara littattafaina in bar garin.

Kwamfreson da aka aiko daga Kano ya iso ranar Talata, a nannaɗe cikin buhu kamar jariri. Na kai wa Muntari. Ya juya shi sau biyu, ya ce kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai na wata motar ce. An mayar, ana neman wani. Ya sake kawo zancen gajeren bel, na sake ƙi. A nan ne ya faɗi abin da nake so ka ji, don ka san irin mutumin da kake mara wa baya.

Ya ce, "Malam, motar nan tana kunna kwamfreso da kanta. Damina ta kama. Ranar da gilashi ya yi maka hazo, ka murɗa iska ta koma kansa, za ta kunna shi, salatif ɗinka yana kallo."

Na tambaye shi ko aljanun motar sun sanar da shi wannan ta cikin sukundireba. Ya yi murmushi ya ce aikin masu ƙera ta ne, da sanyin ake shanye hazon. Da na dawo gida na ɗauko littafin motar, wanda ya zo tare da ita daga Kwatano. Da Jamusanci aka rubuta shi, amma akwai hotuna, kuma na bi su shafi-shafi har ƙarshe ban ga inda mota take kunna wani abu ba da izinin mai ita ba. Abin da babu shi a littafi, ni ban san inda zan ajiye shi ba.

Ranar a garejin na bar wa Muntari makulli da zan shiga masallaci azahar, bisa sharaɗin kada ya taɓa injin. Da na fito na duba, bai taɓa ba. But ɗin bayan motar na tarar yana rufewa, wai iskar tayar safaya yake dubawa. Mutumin nan ba ya iya ganin mota ya ƙyale ta.

Surukarka tana gaishe ka. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, zoben hannunta ma an cire shi da sabulu. A awon da ya wuce nas ta auna jininta sau biyu, ta kira wata ta sake aunawa, sannan suka ƙara mata ƙwaya. Sun ce idan ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ta fara ganin walƙiya-walƙiya a ido, a kawo ta a lokacin, ko da cokali ne a bakinta a ajiye. Na ce musu don wannan aka yi Dattijuwa.

An yi ruwa uku masu kyau, gero ya fito. Hanyarmu ta jar ƙasa kafin a hau kwalta ta fara laushi wajen kwarin nan da ka sani.

Ka huta lafiya.

Abokinka,
Dalhatu.

Fammar, Kibiya,
Juma'a, 4 ga Yuli.

Alhaji,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Hajiya, da gwiwa. Mu ma alhamdu lillahi.

Wannan ba za ta yi tsawo ba. Kwamfreso bai samu ba har yanzu. Mai nemowa ya ce irin na Dattijuwa ya yi wuya, wanda ban ɗauke shi a matsayin yabo ba.

Akwai wata 'yar ƙara da take yi yanzu da safe idan na tashe ta, kamar tsuwwar ɗan tsako, minti ɗaya sai ta daina. Shekaranjiya na buɗe gaban motar na ga wani zare ya zazzago daga gefen bel ɗin, wajen da ya ƙone tun ranar farko. Na sa reza na yanke shi, ya yi tsaf. Akwai kuma wani baƙin gari da nake tararwa a ƙasan inji, laushinsa kamar kwalli. Na share. Na so in leƙa wajen Muntari Lahadin nan mai zuwa, sai na tuna irin kallon da zai yi wa rezar, na fasa. Zan je idan kayan sun iso, a yi aikin gaba ɗaya.

Zainaba ta kawo shawarar a mayar da yarinyar gidan ƙanwarta Ramlat a cikin Rano, wai daga can ko a ƙafa ana isa asibiti. Ta ce nas ce ta faɗa mata haka a gefe, ba a gabana ba. Ban san abin da ya sa mata suke ganin ba a iya faɗa mini magana ba. Na ce gidan ƙanwar uwa ba gidan uba ba ne, kuma saura mako uku ko huɗu, ba gobe ba ne. Ba ta yi musu ba. Sai dai tun ranar ta haɗa jakar asibiti ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki, kullum sai na tsallake ta zan wuce.

Ita kuwa surukarka ba ta cewa komai, ka san halinta. Jiya da yamma na same ta zaune a inuwar ɗakin girki ta dafe goshi. Da ta ji tafiyata sai ta sauke hannun ta gaishe ni. Fuskarta ta cika, har idanun sun ƙanƙance. Na tambayi uwarta, ta ce ta ce ba komai, rana ce. Ranar kuwa babu rana, hadari ne tun safe.

Kusan kullum yanzu sai an yi ruwa da la'asar. Motocin haya sun daina shigowa ta hanyarmu sai ranar kasuwa, masu babur ma da sun ga gabas ta yi baƙi sai su watse. Dattijuwa dai tana nan fuskarta na kallon ƙofa, salatif ɗinta daram. Ka kwantar da hankalinka, ka daina kiran Zainaba a bayan idona, ta faɗa mini.

Wassalam.

Dalhatu.

Rano,
Alhamis, 10 ga Yuli.

Zuwa ga ɗan'uwana Alhaji Zulkifilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana samun sauƙi, kuma Hajiya ta samu barci bayan wayar shekaranjiya. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsuna biyu a naɗe suke da bandeji. A barandar asibiti nake, a kan benci. Nuruddeen ya iso jiya, ya faɗa maka abin da ya sani. Sauran ni kaɗai na san shi, kuma bai kamata ka ji shi daga bakin wani ba.

Ranar Talata bayan azahar ina duba takardun jarrabawa, Zainaba ta shigo ba sallama ta ce in tashi. Yarinyar ta ce kanta kamar zai tsage, kuma tana ganin wuta-wuta. Ashe tun makon jiya take jin ciwon, ta ɓoye don kada a ce ta cika raki a gidan ubanta. Muka sa ta a baya, uwarta ta riƙe ta. Dattijuwa ta tashi bugu ɗaya, har na ji wani abu kamar alfahari.

Ba mu yi nisa da gari ba ruwa ya sauko, irin mai zuwa a karkace. Muka rufe tagogi. Kafin mu kai kwarin nan gilashin gaba ya yi fari fat da hazo. Na cire hulata ina gogewa da hannu ɗaya, ina gogewa yana dawowa. Sai na ji Zainaba tana salati da wata murya da ban san ta da ita ba, kujerata kuma tana girgiza daga baya. Jijjiga ce ta kama yarinyar. Ban ga hanya ba, ban ga kwari ba. Hannuna ya tafi da kansa ya murɗa iska zuwa hoton gilashi.

Ƙarar nan ta ranar farko ta dawo. Na gane ta, na kuma tuna maganar Muntari kalma-kalma, amma kafin in mayar da hannuna sai na ji fau a ƙarƙashin gaban motar, kamar an tsula wa ƙarfe bulala. Jar fitilar batir ta kama. Sitiyari ya yi tauri kamar an zuba masa siminti. Na ci gaba da turawa a haka, ina kallon allurar zafi tana hawa, har tururi ya fara fitowa. Na tsaya a gindin wata kuka. Gaba babu kowa, baya babu kowa, gonaki ne kawai da ruwa.

Na kira Muntari. Na shirya jin abin da ya cancanta in ji, bai faɗa ba. Ya tambayi inda nake, ya ce kafin ya iso a babur cikin wannan ruwa an yi awa guda. Sannan ya ce, "Malam, buɗe but, ka ɗaga safaya."

A ƙarƙashinta akwai baƙar leda. A ciki akwai gajeren bel sabo, da sufana ɗaya, da wani guntun kwali a cikin farar leda. Ya zana fulin nan duka a jiki, kowanne da lambarsa, ya ja layi yadda bel zai bi, ya soke na kwamfreso da gicciye. A ƙasa ya rubuta, da irin rubutun ɗan aji uku: Malam ga takarda tunda ita ka fi yarda da ita.

Ban taɓa riƙe sufana da niyyar aiki ba sai ranar. Na cusa wayar cikin hula a kan kunnena, yana faɗa ina yi. Na zaro ragowar tsohon bel ɗin da ya nannaɗe, a nan na ƙona yatsun. Sau biyu ina sa sabon a karkace yana zamewa. Ya ce in daina sauri, in duba takarda, lamba uku kafin lamba huɗu. Ana cikin haka Zainaba ta buga gilashi ta ce jijjigar ta tsaya amma yarinyar ba ta motsi. Na saki sufanar na buɗe ƙofar baya. Alhaji, shekara ashirin da uku ban taɓa ba, ranar na kira ta. Na ce Ummukulsum. Na faɗa sau uku, da ƙarfi, ruwa yana shiga bakina. Ba ta amsa ba. Muntari yana ji ta cikin hula, ya bari na gama, sannan ya ce in koma kan lamba huɗu.

A karo na uku bel ya zauna. Motar ta tashi. Na bar tagogi a buɗe, ruwa yana dukanmu har Rano. Daga tsayawarmu gindin kukar zuwa tashinmu minti hamsin ne, na duba a wayata daga baya. A ƙofar asibiti muka tarar da Muntari a jiƙe, ya riga ya sa an fito da gadon turawa.

An yi mata tiyata kafin magariba. Ka samu jika mace, 'yar mitsitsiya, tana cikin kwalba, amma an ce tana da ƙarfin kuka. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa jijjigar ta fara, na faɗa masa, ya dubi agogon bango, ya rubuta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Uwar ta farfaɗo jiya da hantsi. Ta gane Zainaba da murya, ta gane mijinta. Sai dai ganinta bai washe ba, ta ce komai kamar ta cikin hayaƙi take hango shi. An kai ta wajen jaririyar a keke, ta sa hannu ta shafa kwalbar, ta tambayi uwarta wa ta yi kama da shi. Likita ya ce sau da yawa ganin yakan dawo idan jinin ya sauka, a ba shi kwanaki. Na tambaye shi ko minti hamsin ɗin nan ne suka jawo. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Zainaba ta ce da yarinyar ta farka ta tambaya ko ni ne ta ji ina kiran sunanta, ko mafarki ta yi. Ban shiga na ba ta amsa ba tukuna.

Idan an sallame su gidan Ramlat za su sauka, a nan cikin Rano, an riga an kwaso icen. Ka turo motar da direban, su zauna har a yi arba'in. Dattijuwa tana garejin Muntari, na ba shi makulli ban kafa sharaɗi ba. Da zan fito daga cikinta na duba, salatif ɗin yana nan a kan maɓallin, ko gefensa bai ɗago ba.

Muntari ya yi gaskiya, kai ma ka yi, Zainaba ma ta yi. Ni ne na yi kuskure. Ka sa Ummukulsum a addu'a.

Naka,
Dalhatu.